Notari da Laburare: Inda Ake Tabbatar da Takardu a Manchester da Birmingham

Notari jami'in doka ne da hukuma ta ba shi izinin shaida sa hannu, rantsar da mutane, da tabbatar da ingancin takardu, domin a karɓe su a wani wuri ba tare da an sake neman shaida ba. Sa hannunsa da hatiminsa suna nufin cewa ya ga mai takardar ido da ido, ya tabbatar shi ne, ya kuma gamsu cewa ya fahimci abin da yake sa wa hannu kuma ba tilasta masa aka yi ba.

Tambayar da ta fi yawan zuwa mana daga iyayenmu da matasa a Ardwick, Longsight da Moss Side ita ce: wane laburare ne ake zuwa a buga wa takarda hatimin notari? Amsar a taƙaice ita ce, wannan tsarin Amurka ne. A Ingila aikin notari ba ya cikin ayyukan laburaren gwamnati, kuma ma'aikacin laburare ba shi da izinin yin sa. Duk da haka laburare yana da amfani sosai wajen shirya takardar, kuma da yawa daga cikin takardunmu ba sa ma buƙatar notari. Wannan bayani zai nuna wa ke yin me, nawa ake biya, da hanyar da takarda ke bi daga nan har ta isa Accra, Kumasi, Kano ko Yamai.

Daga ina ruɗanin ya fito

Kusan kowane gida a zangonmu yana da ɗan uwa a Bronx ko wani gari a Amurka. A can, notari ba lauya ba ne. Mutum ne da jiharsa ta ba shi lasisi bayan ya cika fom ya biya kuɗi, a wasu jihohin kuma ya ci jarrabawa. Yawansu ya haura miliyan huɗu. Ana samun su a banki, a shagon aika kaya, a ofishin inshora, da kuma laburare da yawa, inda ɗaya daga cikin ma'aikata yake riƙe da lasisin, yana yi wa jama'a kyauta ko da kuɗi kaɗan. Jihohi da dama sun ƙayyade abin da zai karɓa: dala 2 a New York, dala 15 a California a kan kowane sa hannu. Aikinsa bai wuce ya duba katin shaida, ya ga an sa hannu, ya buga tambari ba.

Shi ya sa idan ɗan uwa ya kira daga can ya ce "je laburare kawai, minti biyar ne", gaskiya ya faɗa game da inda yake. Sai dai sunan ne ɗaya, aikin ba ɗaya ba ne.

Notari a Ingila

A Ingila da Wales notari cikakken lauya ne. Yawancinsu solisita ne da suka ƙara karatu na shekara 2 a Kwalejin Jami'a ta Landan, wato UCL, inda suke koyon dokar Rum, dokar da ta shafi hulɗa tsakanin ƙasashe, da yadda ake rubuta takardun da za su yi aiki a waje. Duk ƙasar ba su kai 1,000 ba.

Sana'ar daɗaɗɗiya ce. A 1279 Paparoma ya ba Babban Limamin Cocin Canterbury izinin naɗa notari a Ingila. A 1533, zamanin Sarki Henry na 8, aka yanke hulɗa da Rum, ikon ya dawo hannun Babban Limamin kai tsaye. Har yau ofishin da ke ƙarƙashinsa, Faculty Office da ke Westminster, shi ne ke naɗa su, yana ba su takardar izinin aiki duk shekara, yana kuma hukunta wanda ya saɓa. Sunan coci a nan gadon tarihi ne kawai. Aikin ba na addini ba ne, ba a tambayar addinin notari ko na mai takarda, kuma Musulmi yana iya rantsuwa da Alƙur'ani ko ya yi furucin tabbatarwa ba tare da littafi ba.

Dokar Ayyukan Shari'a ta 2007 ta sa aikin notari cikin ayyukan da aka keɓe. Wanda ba a naɗa ba, idan ya yi aikin ko ya kira kansa notari, ya aikata laifi. Wannan shi ne ainihin dalilin da ya sa ma'aikacin laburare a Manchester ba zai buga maka hatimi ba, komai kirkinsa.

Asalin abin ba baƙo ba ne a gare mu. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, tana magana ne a kan rubuta bashi ta hannun marubuci mai adalci tare da kafa shaidu. A Maroko har yau akwai adulai masu rubuta aure da ciniki da gado. Manufar duka ɗaya ce: a samu mutum na uku, wanda ba shi da riba a cikin zancen, ya tsaya shaida tun kafin gardama ta taso.

Abin da laburare ke yi maka

Manchester tana cikin garuruwan farko a Birtaniya da suka buɗe laburaren aro na kyauta da kuɗin haraji, a Campfield a 1852. Babban Laburaren da ke St Peter's Square an buɗe shi a 1934, aka gyara shi aka sake buɗewa a 2014. Ga mazauna Ardwick, wanda ya fi sauƙin zuwa shi ne laburaren Longsight a kan Stockport Road. Bas mai lamba 192 da ke bi ta Ardwick Green zai kai ka. Akwai kuma na Hulme, Moss Side da Gorton. A Birmingham akwai babban laburaren Centenary Square, wanda Malala Yousafzai ta buɗe a watan Satumba na 2013, da ƙananan na unguwanni irin su Handsworth da Small Heath. Tun matsalar kuɗin da ƙaramar hukumar Birmingham ta shiga a 2023 lokutan buɗewa sun sha canzawa, don haka a duba kafin a fita.

Katin zama mamba kyauta ne. Da shi za ka samu:

Kwamfuta da intanet kyauta, don cika fom da neman notari mafi kusa.
Injin buga takarda da na kwafi, da kuɗi kaɗan a kan kowane shafi.
Hanyar ɗaukar hoton takarda a mayar da ita fayil, don aika wa lauyanka na gida ya duba.
Ma'aikatan da za su nuna wa dattijo yadda zai buɗe shafin gwamnati, su kuma gaya masa inda ake ba da shawara kyauta, kamar Citizens Advice.

Abin da ba za su yi ba shi ne rantsar da kai, rubuta maka takardar doka, ko ba ka shawarar shari'a. Wato a laburare ake shirya takarda, a wani wuri ake tabbatar da ita. Wanda ya yi shirin nan da kyau yakan rage kuɗin da zai biya lauya, domin lokacin lauya ake saye.

Matakan tabbatarwa guda 4

Kafin ka biya kowa, ka tambayi wanda ya nemi takardar: wane irin tabbaci kuke so, kuma wa kuka yarda ya sa hannu? Ka roƙi ya rubuto maka amsar. Matambayi ba ya ɓata. Amsar za ta faɗa cikin ɗayan waɗannan.

1. Tabbatar da kwafi. Banki, makaranta ko kamfanin fansho a nan Birtaniya sukan nemi kwafin fasfo ko takardar shaidar adireshi da aka tabbatar. Wannan ba ya buƙatar notari. Shafin gwamnati ya lissafa irin mutanen da za su iya: ma'aikacin banki, kansila, limamin addini, likitan haƙori, akanta mai rajista, malamin makaranta, solisita. Mutum zai ga ta asalin, ya rubuta da Turanci a jikin kwafin cewa ya gani kuma kwafin daidai yake, ya sa hannu da kwanan wata, ya rubuta sunansa, aikinsa, adireshi da lambar waya. Bai kamata ya zama ɗan uwanka ba, ko wanda kuke gida ɗaya, ko wanda kuke neman aure. Wasu rassan gidan waya ma suna yin wannan da kuɗi kaɗan. Amma kowace hukuma tana da jerin waɗanda ta yarda da su, don haka ko limaminmu zai sa hannu, a fara tambaya.

2. Rantsuwa da furucin doka. Idan takardar afidabit ce ko furucin doka da za a yi amfani da shi a cikin Ingila, kamar na canza suna ko na bayyana cewa suna biyu na mutum ɗaya ne, kowane solisita mai aiki yana iya rantsar da kai a matsayin kwamishinan rantsuwa. Doka ta ƙayyade kuɗin tun 1993: fam 5 a kan rantsuwar, fam 2 a kan kowace takardar da aka haɗa da ita. Wannan kuɗin rantsarwa ne kawai. Idan shi zai rubuta maka takardar, kuɗin rubutu daban. Yin ƙarya da gangan a cikin furucin doka laifi ne a ƙarƙashin Dokar Rantsuwar Ƙarya ta 1911, hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara 2.

3. Notari. Shi ake nema idan takardar za ta fita waje: takardar wakilci don sayar da fili ko karɓar gado a gida, izinin tafiya da yaro, kwafin digiri don aiki a ƙasashen Larabawa, takardun buɗe kamfani ko asusun banki a wata ƙasa. Kuɗinsa ba a ƙayyade ba. Takarda ɗaya mai sauƙi ba wuya ta kai fam 100 ko ta wuce, ya danganta da ofishi da yawan aikin. Ƙa'idar aikinsu ta wajabta masa ya gaya maka kuɗin ko yadda zai lissafa shi tun kafin a fara. Ka tambayi biyu ko uku. Za ka same su ta wurin binciken da ke shafin Faculty Office ko na Notaries Society, ka sa lambar unguwarka. Wanda sunansa bai fito a na Faculty Office ba, kada ka ba shi takardarka.

4. Afostil da ofishin jakadanci. Ma'aikaci a Kumasi bai san notarin Manchester ba, bai kuma san hatiminsa ba. Saboda haka Ma'aikatar Harkokin Wajen Birtaniya take da ofishi a Milton Keynes da ke gwada sa hannun da wanda ke cikin kundinsa, sannan ya maƙala wa takardar shaida mai suna afostil. Ana cika fom a intanet, a biya, a aika takardar ta gidan waya. Ba a zuwa da ƙafa. A 2024 kuɗin takarda ɗaya fam 45 ne, na lantarki kuma fam 35, ban da kuɗin mayar maka da ita. Afostil yana tabbatar da sa hannu da hatimi ne kawai, ba ya cewa abin da aka rubuta a ciki gaskiya ne.

Tsarin afostil ya fito daga yarjejeniyar Hague ta 5 ga Oktoba 1961, wadda ƙasashe sama da 120 suka shiga. Tsakaninsu afostil kaɗai ya isa. Maroko, Senegal, Laberiya da Afirka ta Kudu suna ciki, Saudiyya ma ta shiga a ƙarshen 2022. Gana, Najeriya da Nijar ba sa ciki. Don haka takardar da za ta je can takan buƙaci ƙarin tambari daga ofishin jakadancin ƙasar bayan na Milton Keynes. Sashen kula da 'yan ƙasa na ofishin jakadancin Gana yana Highgate Hill a arewacin Landan, na Najeriya yana Northumberland Avenue. Kuɗi da tsarin ganawa suna canzawa, a duba shafinsu. Ba kowace hukuma a gida ke neman duk matakan ba. Lauyan da zai yi amfani da takardar shi zai gaya maka iyakar inda za ka tsaya.

Takardar wakilci

Wannan ita ce takardar da ta fi kai mutanenmu wurin notari, ita ce kuma ta fi haddasa rigima a dangi. Da ita kake ba wani ikon ya tsaya a madadinka: ya sa hannu, ya karɓi kuɗi, ya shiga kotu, ya sayar. Duk abin da ya yi cikin iyakar abin da ka rubuta, kai ka yi.

A bara wani dattijonmu a nan ya so ƙaninsa ya kula masa da gidan haya a gida. An turo masa takarda ta waya, ya buga ta, ya sa hannu a ɗakinsa, wani maƙwabci mai tambarin kasuwanci ya buga masa, ya aika. An ƙi karɓa. Da ya kawo ta muka karanta masa kafin ya je wurin notari, sai ga shi a sakin layi na uku an ba wakilin ikon sayarwa da jinginar da duk wata kadara tasa. Ƙanin bai yi da mugun nufi ba, samfurin takarda ne aka kwafo. Amma da an karɓi ta farkon, da gidan yana hannun wani har abin da Allah ya yi. Daga nan muka tsara waɗannan shawarwari:

Lauyan gida ya rubuta, notarin nan ya shaida. Dokar ƙasar da filin yake ita ke aiki a kansa, notarin Manchester kuma ba lallai ya san abin da Hukumar Filaye ta Gana ko ofishin filaye na Kano ke so ba.

A taƙaita ikon. A rubuta lambar fili da unguwa, da aikin da ake so kaɗai: karɓar haya, ko bin shari'a guda, ko rajistar takarda. Idan ba sayarwa kake nufi ba, a rubuta ƙarara cewa babu ikon sayarwa, kyautarwa ko jingina. Idan sayarwa ce, a sa mafi ƙarancin farashi da asusun da kuɗin zai shiga.

A sa wa'adi. Wata 6 ko shekara 1 ya ishi yawancin ayyuka. Sabuntawa ta fi sokewa sauƙi.

A tafi da shaida. Dokar Takardun Wakilci ta Gana ta 1998, doka mai lamba 549, ta ce mai bayarwa ya sa hannu a gaban shaida, shaidan ma ya sa nasa. An sha gardama a kotunan Gana a kan ko wanda ya rantsar shi kaɗai ya isa shaida. Don a huta, a samu mutum daban ya sa hannu ban da notarin, kuma kada ya zama wakilin kansa.

A biya harajin tambari. Idan takardar ta isa Gana, sai an buga mata tambarin haraji kamar yadda dokar 2005 mai lamba 689 ta tanada kafin kotu ta karɓe ta hujja.

Wanda ba ya karanta boko, a karanta masa. Gana tana da dokar kare wanda bai iya karatu ba tun 1912, jihohin Najeriya ma suna da irinta. A ƙarshen takardar a rubuta cewa an karanta masa, an fassara masa da Hausa, ya fahimta kafin ya sa hannu ko ya dangwala, tare da sunan mai fassarar. Rashin wannan layi kaɗai yana iya rushe takarda.

Idan za a soke, a rubuce. A yi takardar sokewa a gaban notari, a aika wa wakilin, da duk banki ko ofishin da ya ga ta farkon. Faɗa a waya ba sokewa ba ce.

Wakilci yana ƙarewa da rasuwar mai bayarwa. Daga ranar, zance ya koma na gado da takardar kotu. Wanda ya ci gaba da sayar da kaya da takardar mamaci ya ɗauko wa kansa magana.

Ga masu aika takarda Nijar, Togo, Burkina Faso ko Kwaddibuwa, tsarin can na Faransa ne, inda notari ke rubuta takardun cinikin fili da na gado da kansa. Shi zai turo maka rubutun da Faransanci, kuma notarin nan zai so ya tabbatar ka fahimce shi, ko ta fassara ko ta tafinta.

Ranar ganin notari

Ka fara aika masa takardar ta imel tare da wasiƙar wanda ya nema, don ya duba ya faɗi kuɗi. Ran zuwa ka riƙe fasfo mai aiki, da shaidar adireshi ta kwanan nan, kamar takardar banki ko ta harajin gida. Ka kawo takardun asali, ba hoton waya ba. Idan sunanka ya bambanta tsakanin takardu, misali Mohammed a fasfo, Muhammadu a takardar fili, ko an juya sunan uba da na kaka, ka faɗa tun farko, domin ƙila a haɗa da furucin cewa duk sunayen naka ne.

Kada ka sa hannu a gida. Dole ya gani da idonsa. Zai yi maka tambayoyi, wani lokaci ya ce ɗan rakiya ya jira a waje. Ba raini ba ne, so yake ya ji daga bakinka cewa ra'ayinka ne. Idan Turanci bai ishe ka ba, ka sanar tun wajen neman ganawa. Yana iya ƙin yarda ɗanka ko wanda zai amfana ya yi tafinta, ya nemi wani daban. Bayan an gama zai ɗinke ko ya ɗaure shafukan ya buga hatimi. Kada a kwance ɗaurin don yin kwafi, kwancewa tana ɓata takardar. Zai ajiye bayanin aikin a kundinsa, ta yadda ko bayan shekaru aka yi musu za a iya komawa gare shi.

Idan kana da ƙorafi, ka fara da shi. In bai warware ba akwai tsarin ƙorafi na Notaries Society, sannan Legal Ombudsman.

Sauran takardun da muke yawan tambaya a kai

Takardar haihuwa, aure ko mutuwa ta Birtaniya. Ba ta buƙatar notari kafin afostil. Ana aika ta asali, ko wata sabuwa da aka saya daga ofishin rajista na Manchester ko Birmingham ko babban ofishin da ke Southport. Kwafin inji ba ya karɓuwa.

Digiri da takardun makaranta. Yawanci sai solisita ko notari ya tabbatar kafin afostil, kuma notari yakan tuntuɓi jami'ar ya ji ko ita ta bayar. A ba wannan lokaci.

Takardun da aka bayar a gida. Ofishin Milton Keynes takardun Birtaniya kaɗai yake tabbatarwa. Takardar haihuwar Gana ko sakamakon WAEC, a can ake tabbatar da su, ta Ma'aikatar Harkokin Waje a Accra ko Abuja. A gida ma notari lauya ne da Alƙalin Alƙalai ke naɗawa: a Gana ƙarƙashin dokar 1960, a Najeriya ƙarƙashin sabuwar dokar 2023.

Tafiya da yaro. Fitar da yaro daga Birtaniya yana buƙatar yardar duk wanda doka ta ɗora wa nauyinsa, ko izinin kotu. Idan uwa kaɗai ko kaka ce za ta kai shi hutu gida, a riƙe wasiƙar yarda mai ɗauke da ranakun tafiya da lambar wayar wanda ya bari, da takardar haihuwar yaron. Wasu ƙasashe da kamfanonin jirgi suna son hatimin notari a kanta, a tambaya tun kafin a sayi tikiti.

Wasiyya. A Ingila ba ta buƙatar notari. Dokar 1837 ta ce a rubuce, a sa hannu a gaban shaidu 2 da ke wurin lokaci ɗaya. Wanda aka bar wa wani abu, ko matarsa ko mijinta, idan ya zama shaida ya rasa rabonsa. Mai kadara a nan da gida ya nemi shawarar lauya a ƙasashen biyu.

Wakilcin tsufa da rashin lafiya. Takardar da ke ba ɗa ikon kula da kuɗi ko lafiyar mahaifi a nan Ingila idan hankali ya raunana, fom ce ta daban ƙarƙashin dokar 2005. Ana yi mata rajista a Ofishin Mai Kula da Marasa Ƙarfi, wato Office of the Public Guardian, da ke Birmingham. Ba ta buƙatar notari, ana iya cika ta a kwamfutar laburare, amma dole a yi ta tun mutum yana cikin hayyacinsa.

Takardar ɗaurin aure. Hatimin notari ba ya mayar da auren da aka ɗaura a gida ko a masallacin da ba shi da rajistar aure ya zama aure a idon dokar Ingila. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta jaddada matsayin irin wannan aure a watan Fabrairu na 2020. Mai son kariyar doka sai ya yi rajista.

Masu tambarin bogi

Tambarin roba kowa na iya sayensa. Mai shagon aika kuɗi, mai sayar da tikiti ko "wanda ya san hanya" ba notari ba ne, ko da tambarinsa ya fi na kowa kyau. Alamun da za su sa ka ja baya: ya ce ba sai mai takardar ya zo ba, ya yarda a sa kwanan watan baya, ya ce ka sa hannu a farar takarda zai cika daga baya, ko ya ƙi ba da rasit. Haka nan shawarar zama ƙasa da biza, sai lauya mai rajista ko wanda hukumar kula da masu ba da shawarar shige da fice ta amince da shi, wadda a da ake kira OISC, tun Janairun 2025 kuma IAA. Takardar bogi idan ta shiga fayil ɗinka, kai za a tambaya, ba wanda ya buga ba.

A taƙaice

Takardar da za ta tsaya a Birtaniya: mai sana'a da aka yarda da shi, gidan waya, ko solisita a kan fam 5. Takardar da za ta fita waje: notari, sannan afostil, sannan ofishin jakadanci idan ƙasar ba ta cikin yarjejeniyar Hague. Laburare: bugawa, kwafi, cika fom da neman adireshi. A fara aikin makonni kafin ranar da ake buƙata, domin kowane mataki yana jiran na bayansa.

Matasa, idan Baba ko Hajiya suka ce a raka su buga takarda, kada a tsaya a bugawa kawai. A zauna a karanta musu ita layi-layi da Hausa kafin a fita daga laburaren. Iyayenmu kuma, don Allah kada a ji nauyin cewa "ban gane ba, a sake karantawa", ko a gaban lauya ne. Kuɗinku kuka biya, dukiyarku ce kuma a ciki. Allah ya tsare mana amana, ya sa mu dace.